Malam Ɗahiru da Kwamfutar da Ba Ta Mantuwa

Kwana uku ɗaliban jami'a suka ba Malam Ɗahiru ya goge duk abin da kwamfutarsa ta riƙe. Shi kuwa ya san ranar da ya goge, wata mata daga rugar bayan Ceberu ta rasa hanya ɗaya tilo da take jin ɗuriyar ɗanta. Yadda aka yi dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, wanda bai taɓa cin amanar kowa ba, ya tsinci kansa a wannan tsaka mai wuya, sai an koma Gwandu tukuna, inda ya fara.

A can an fi saninsa da Ɗahiru Mai-tafireta. Shekara ashirin da biyu ya yi a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha, da teburinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya da yake tokarewa da dutse, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun koke da shaidar iyakar gona. Wanda bai yi boko ba zai zo ya tsuguna kusa da kunnensa ya zazzage masa cikinsa, shi kuma ya mayar da maganar baƙaƙe. Ta haka ya san wanda ɗansa ke gidan yari a Kudu alhali ana cewa fatauci ya tafi, ya san wadda ciwonta ya fi abin da take gaya wa 'ya'yanta. Bai taɓa furta ko ɗaya ba. In an matsa masa sai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya ci gaba da goge tabarau. Matarsa Hafiza takan ce auren Ɗahiru asara ne ga mai son labari, gara turmi, shi ko ba komai in ka daka yana amsawa.

Yana da wata al'ada da mutanen tasha ke yi masa dariya a kai. Kullum bayan la'asar sai ya tattara takardun kabon da ya yi aiki da su, shuɗɗan nan da ake sawa a tsakani don kwafi ya fito, ya kai murhun mai shayi ya ƙone. Wasu masu tafireta sai su yi mako da kabon ɗaya. Shi ya ce duk wanda ya ɗaga kabon ya haska a rana zai karanta abin da aka buga, kuma ba don haka mutane suka kawo masa maganarsu ba.

Da wayar hannu ta shigo, wasiƙa ta mutu murus. Da wani ne da ya haƙura ya koma gona, amma Malam Ɗahiru taurin kai gare shi. Ya tafi Birnin Kebbi ya zauna wata uku cikin yaran da ya girmi iyayen wasunsu, ya koyi kwamfuta. Da aka buɗe jami'a a Kalgo sai ya kama wani shago mai rufin kwano a bakin hanya, ya sa kwamfuta uku da injin fotokofi, yana kwana a Kalgo, ranar Juma'a ya tafi gida. Har yau da yatsu biyu yake bugu, kuma da irin ƙarfin da ya saba yi wa tafireta. Allon bugu nawa ya kashe, Allah kaɗai ya sani.

Cikin kwamfutocin nan uku akwai ta bakin taga, wadda ya fi ji da ita. Abin da ya ɗaukaka ta a idonsa shi ne ba ta mantuwa. Ɗalibi zai zo yau ya buɗe imel ɗinsa don a buga masa takarda, in ya dawo bayan wata guda ba sai ya sake saka kalmar sirri ba, sunansa na nan a jere, dannawa kawai zai yi. Ɗalibai na son haka don sauri, shi kuma yana alfahari. Yakan shafa kanta ya ce, "Wagga in ta gane ka sau guda, ba ta mance ka." Me ya sa ba ta mantawa, bai taɓa tambaya ba. Abu in yana yi maka aiki, wa ke tsayawa tono?

A kan wannan kwamfutar wani saurayi da ake kira Bawa ya buɗe wa mahaifiyarsa, Goggo Zulai, imel, shekara uku da suka wuce. Malam Ɗahiru ya san gidansu tun zamanin tafireta, don marigayi Ibrahim, mahaifin Bawa, shi yake buga wa koke duk lokacin da manoma suka cinye burtali. Bayan rasuwar Ibrahim sai Bawa ya saɓa da baffansa a kan shanun gado, ya bar ruga, ya yi leburanci a Kalgo, daga baya ya ɗaura niyyar bin masu haƙar zinariya can cikin hamada, arewa da Agadas. Ana gobe zai tafi ya shigo shagon. Ya ɗan taɓa makarantar 'ya'yan makiyaya, yana iya haɗa baƙi.

"Malam, ba ni kiran wayar Baffa," in ji shi. "Ko na kira ma, Inna ba ta amsa ta gaban mutane. Nan za ni riƙa aiko saƙo, da wayar duk wanda ni samu. In ta zo ka karanta mata."

Ya buga kalmar sirrin da hannunsa, ya sa lambar wayar Malam Ɗahiru a matsayin ta neman agaji in an manta. Malam Ɗahiru ya ce to ita kalmar fa? Bawa ya yi dariya.

"Sunana na yanka na, da sunan saniyar da anka ba ni ran suna. In ta ɓace muku, ku tambayi Inna."

Su duka biyu suka yi dariya, don sun san abin da ke nan. Bawa ɗan fari ne, Goggo Zulai kuwa Bafulatana ce ta gaske. Shekara talatin ba ta taɓa kiran sunan yaron nan ba. Ko Bawan da kowa ke faɗi ba ya fita daga bakinta, "mutumen ga" take cewa, shi ma sai ta kama dole.

Shekara na zagayowa aka zare wa Malam Ɗahiru waya a tashar Gwandu. Layin kuwa da sunan wani mai sayar da kati aka yi rajistarsa, wanda ya daɗe da barin gari, don haka ya tafi ke nan. Hanyar agaji ta toshe. Ya aika wa Bawa sabuwar lambarsa ta adireshin da saƙonni suka fito, amma duk na aro ne, masu su sun yi gaba. A ranar ya gaya wa kansa lalle ya tambayi Goggo Zulai kalmar nan ya adana. Da ta zo ya dubi fuskarta, sai ya ce bari sai wani zuwan. Wani zuwan ma haka. Ga kwamfuta tana buɗewa da kanta, don me zai sa dattijuwa ta keta abin da ta rufe shekara talatin? Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa, ya san haka sarai, amma ya bari.

Sau ɗaya take zuwa a wata. A ruga takan ce za ta kai wa ƙanwarta da ke aure kusa da Kalgo man shanu, kuma tana kaiwa ɗin, ba ƙarya ta yi ba. In ta iso shagon sai ta zauna a bencin bakin ƙofa ta ba kwamfutar baya. Ta tambayi iyali, ta tambayi ruwa, ta yi zancen tsadar dusa. Sai ta miƙe ta kama ƙwaryarta kamar mai tafiya, sannan ta ce, "Ba wani labari?" In akwai, Malam Ɗahiru ya juya fuskarsa ga bango ya karanta da ƙarfi kamar kansa yake karanta wa. Ba ta cewa uffan. Ranar da Bawa ya rubuto cewa rami ya rufta masa a ƙafa amma ya warke, abin da ta yi kawai shi ne gyara faifan ƙwaryarta sau uku. Saƙo na ƙarshe da ya zo, wata biyar ke nan.

Ranar wata Litinin cikin damina, da hantsi, yana cikin gyaran takardar da ta maƙale a injin fotokofi sai ya ga ƙofa ta yi duhu. Ɗalibai ne kusan goma. A gabansu wata yarinya ce da ya sani, Halima Sadiya, 'yar aji uku, mai gaisuwa har ƙasa. Yau ba ta gaishe shi ba, idanunta sun kumbura. Kusa da ita Mubarak ne, wakilin ajinsu, irin samarin nan da in suka san abu sai duniya ta san sun sani.

"Baba, ranar Alhamis na zo nan na buga takardar asibiti daga imel ɗina," in ji Halima. "Na rufe shafin na tafi. Na zaci rufewa ita ce fita. Wani ya zauna bayana ya buɗe, ya ɗauki hoton takardar. Jiya ta zagaye wayoyin ɗalibai."

Takardar ta farfaɗiya ce. Tun tana ƙarama take fama da ita, tana shan magani, shekara uku a jami'a ba wanda ya sani. Ta ce da safen nan abokiyar ɗakinta ta ware kofinta da cokalinta, ta ja katifa can jikin bango.

Malam Ɗahiru ya nemi kujera ya zauna. Ya ce shi wallahi bai san wanda ya yi ba, mutane da yawa sun zauna a wurin ranar. Mubarak ya ce ba wannan suka zo tambaya ba. Ya ja kujerar bakin taga, ya danna sau biyu, sai ga sunaye sun zubo a jere, sun fi arba'in. Wasu masu su ma sun gama karatu sun tafi.

"Ka gani, Baba? Duk wanda ya zauna nan zai iya shiga kowanne. Kukis ake ce musu. 'Yar shaida ce shafi ke ajiyewa a cikin burauza, wannan manhajar da ake shiga intanet da ita, don in ka dawo ya gane ka ba sai ya tambaye ka ba. A wayarka kai kaɗai, ba laifi. A kwamfutar da kowa ke zama, dole a riƙa gogewa. Yaushe rabonka da gogewa?"

Bai taɓa ba. Bai ma san akwai abin gogewa ba. Ya zuba wa sunayen ido, sai ya gane. Kabon ne. Shi da ke ƙone na yini guda kafin magariba, ga shi ya tara na shekaru a bakin taga, har yana kiran mutane su zo su ga yadda ya iya tari. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga tausayin yarinyar nan da ya sa ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Mubarak ya ce aikin minti ɗaya ne, ya kai hannu. Malam Ɗahiru ya yi wuf ya riƙe masa wuyan hannu, shi kansa bai san ya tashi ba.

"Dakata, ɗana. In anka goge, kowa da kowa za shi hita?"

"Kowa."

"Ba a iya barin guda?"

Mubarak ya duba. Shafin ba ya fitar da mutum ɗaya, ko duka ko babu. Ya ce to mai guda ɗin ya sake shiga da kalmar sirrinsa mana. Malam Ɗahiru ya ce babu kalmar. Aka gwada ko za a iya sauya ta daga ciki, ko a karkatar da saƙonni wani wuri, kowace ƙofa aka taɓa sai ta nemi tsohuwar kalmar.

"Na wane ne?" in ji Mubarak.

"Ba ni hwaɗi."

Wani daga baya ya ce, "To ko dai shi ke karanta saƙonnin mutane?" Maganar ta soki Malam Ɗahiru har ƙashi. Kalma uku za su wanke shi, amma in ya faɗa, kafin mako labari ya kai Ceberu cewa Goggo Zulai na satar hanya tana zuwa jin labarin ɗan farinta, wanda ya saɓa da mai gidan da take zaune a ciki. Ya haɗiye. Ya juya ga Halima, don ita ce mai haƙƙi.

"Ɗiyata, na cuce ki, ban da bakin magana. Amma ki ba ni kwana ukku. A kashe ta, a sa ta cikin akwatin ƙarhen can, ki riƙe makulli. Ran Alhamis da la'asar, ko na samu abin da ni ka nema ko ban samu ba, ki goge da hannunki."

Mubarak ya fara cewa ba za ta yiwu ba. Halima ta dubi tsohon, sannan ta miƙa hannu ta ce a ba ta makullin. Ta ƙara da cewa in la'asar ta yi ba za ta ƙara masa ko minti ɗaya ba, kuma ya san da gaske take.

Ranar Talata ba wanda ya leƙo shagon. Labari ya riga ya zaga, masu wucewa sai su dubi ƙofar su kau da kai. Da azahar ya rufe ya hau motar Birnin Kebbi, daga can ya sauya ta Gwandu. Hafiza ta ga mutum tsakiyar mako, ta ga ya tura tuwo gefe, ta tambaya sau biyu ta haƙura. Rugar kuwa ba ta zuwa gare shi. Baƙon namiji ya je yana neman matar marigayi, ai baffan Bawa ne zai fara tarbarsa da tambaya. Wayar rugar ma a aljihun baffan take. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya rage masa shi ne ya tsare inda matan ruga ke ajiye ƙorensu a gefen tasha, ya yi fatan Allah ya kawo ta.

Laraba tun da safe yana wurin, a bencin wani mai faci, yana yi kamar jiran mota yake. Mata suka zo rukuni-rukuni, babu ita. Sai wajen azahar ya hango ta. Ya ƙarasa ya gaishe su duka, ya tsuguna kamar mai tayin nono. Mata biyar na kewaye da ita, kowace kunnenta a buɗe.

"Goggo, man shanu ni ka so a kai min Kalgo gobe. Kahin la'asar."

Ludayin da ke hannunta ya tsaya. Ba lokacin zuwanta ba ne, kuma bai taɓa biyo ta ba. Ya ga fuskarta ta sauya, ya gane abin da ta zata.

"Lahiya?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"Lahiya lau. Babu labari, mai daɗi ko maras daɗi. Amma ki zo."

A hanya ya shirya yadda zai ja ta gefe ya tambaye ta a gama. Ga shi ga ta, harshensa ya yi nauyi. Ya sha nonon da bai ji ɗanɗanonsa ba, ya tashi ya kama hanyar Kalgo yana zagin kansa a zuci.

Alhamis ta wayi gari da hadari a gabas. Tun azahar ɗalibai suka fara taruwa a ƙofar shagon, yau sun fi na ranar Litinin, har da waɗanda suka zo kallo kawai. Halima ta zo ta zauna a bencin bakin ƙofa da makulli a hannu, ba ta kula kowa ba. Malam Ɗahiru ya fita bakin titi ya fi sau goma. Duk motar da ta tsaya sai ya leƙa, a sauke buhu, a sauke akuya, babu Goggo Zulai. Aka kira la'asar. Ya ce a bar shi ya yi salla, kuma tun da yake bai taɓa yin la'asar mai tsawon ta ranar ba, Allah ya yafe masa. Da ya shafa addu'a ya tarar an fito da kwamfutar an haɗa, janareto na ruri, sunayen nan na jere a allo. Iska ta taso, yayyafi ya fara sauka.

"Baba, lokaci ya yi," in ji Halima.

Bai roƙi ƙari ba, don shi ya yanka wa'adin da kansa. Halima ta tashi ta nufi kujerar. A daidai nan wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, Goggo Zulai ta sauko da ƙwarya a ka, zanenta ya jiƙe sharkaf. Motarsu ce ta mutu a hanya. Ta ga taron sai ta ja ta tsaya, kamar za ta juya.

Ya shigo da ita ciki ya rage murya iyakar iyawarsa, amma shagon ƙarami ne, na kusa sun ji. Ya gaya mata za a wanke na'urar, don barinta haka ya cutar da wata yarinya. In an wanke, ƙofar da mutumen ke aiko saƙo za ta rufe, sai da mabuɗi. Mabuɗin kuwa abu biyu ne, kuma ita kaɗai ke nan da ta san su.

"Na hwarko, saniyar da anka ba shi ran suna."

"Wule," ta ce nan take. Har ta ɗan saki fuska. Ta ce ja ce mai farin goshi, ta haifi maruƙa bakwai, shekarar ciwon huhu ta mutu. Ta shiga ba da labarin maruƙan ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya gane ta hango tambaya ta biyu ne take kewaye-kewaye.

"Na biyu, Goggo, sunanai na yanka."

Ruwa ya kece a kan kwano. Can ta ce sunan tsohon limamin Ceberu ne, wanda ya rasu shekarar fara. Malam Ɗahiru bai san shi ba. Ta ce to sunan mijin ƙanwar kakarsa ne, mai jan gemu. Ya girgiza kai. Ta dubi ƙasa, yatsunta na murza bakin mayafi.

"Ikon Allah," in ji Mubarak. "Sunan ɗanta ne ba za ta iya faɗi ba? A kan wannan aka riƙe mu kwana uku?"

Wasu suka yi dariya. Goggo Zulai ta sunkuya za ta ɗauki ƙwaryarta, Malam Ɗahiru kuwa ya san in ta fita ƙofar nan ba za ta sake dawowa ba. Halima ce ta juya ta fuskanci 'yan uwanta.

"Ku fita," ta ce.

"Ruwa ake yi fa."

"Na gani. Ku fita duka. Ba a faɗin kalmar sirri a gaban mutane, kai da kanka ka koya mana."

Mubarak bai so ba, amma ya buɗe wata taga ta daban a burauzar, wadda ba ta ajiye komai, ya ce a gwada a nan, in ta buɗe to kalmar daidai ce. Suka fita suka rakuɓe a ƙarƙashin rumfa. Halima ce ta ƙarshe, ta ja ƙofar ta rufe, ta tsaya a jikinta daga waje.

Ya rage su biyu. Malam Ɗahiru ya zauna ya ɗora yatsunsa a kan allon bugu, ya kafa ido a bango yadda ya saba in zai karanta mata saƙo. Ita ma ta juya ta ba shi baya. An daɗe, sannan ya ji ta motsa baki. Amma ga ruwa a kan kwano, ga janareto, ga kunnensa na hagu da tafireta ta riga ta cinye. Bai kama ko harafi ɗaya ba. Da za a ba shi zaɓi a lokacin, ya fi son a ce masa ɓarawo a tsakiyar kasuwa da ya faɗi abin da ya faɗa.

"Ban jiya ba, Goggo."

Ya ji ta ja numfashi.

"Umaru," ta ce da ƙarfi, muryar ta karye a tsakiya. "Umaru Faruku."

Ya buga a hankali, harafi bayan harafi, yau kam ba da ƙarfin tafireta ba. Ya ƙara sunan saniyar ya danna. Ɗan da'irar nan ta kama juyawa a allo, don in ana ruwa sabis sai a hankali. Ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa. Yana jin numfashin matar a bayansa. Sai shafin ya buɗe. Ga saƙonnin Bawa a jere, na shekara uku. Ya duba sama ko wani sabo ya shigo cikin kwanakin nan. Babu.

Ya buɗe ƙofa ya kira su. Halima ta zauna, Mubarak na nuna mata, ta danna da hannunta, sunaye arba'in da wani abu suka ɓace a ƙiftawar ido. Mubarak ya bi kwamfutocin uku ya saita su yadda duk aka rufe burauza za ta zubar da abin da ta riƙe, ya toshe kukis na shafukan da ba a shiga ba, ya rubuta a kwali da manyan baƙaƙe cewa kowa ya fita daga imel ɗinsa kafin ya tashi, ya manna a bango. Bai ba da haƙuri a kan maganar da ya yi ba, amma da zai fita ya rusuna ya gaida Goggo Zulai.

Malam Ɗahiru ya sake roƙon Halima gafara. Ta ce ta yafe, amma wannan ba zai goge abin da ke cikin wayoyin mutane ba, kuma gobe dole ta shiga aji. Ta ajiye masa makullin a kan tebur ta bi ruwa ta tafi.

Goggo Zulai na zaune a bencinta har ruwan ya tsagaita. Ba ta yi kuka ba, ta dai goge fuska da mayafi, wanda shi ma jiƙaƙƙe ne. Ta miƙe ta kama ƙwarya.

"Ba wani labari?"

"Babu, Goggo. Sai dai mu yi ta addu'a." Ya dubi kwamfutar. "Yanzu na'urar ba ta ƙara riƙe kowa. Duk zuwan da kinka yi sai an sa mabuɗin. Bari in rubuta shi in ɓoye inda ba mai gani, kada in ƙara sa ki abin da ni sa ki yau."

Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta gyara mata zama.

"Kada ka rubuta, Malam. Kai ma ka mance da shi." Ta taka bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba. "Duk ran da ni zo, ni za ni hwaɗi."